Da Sunan Babana Na Yi Guzuri

Assalamu alaikum Edita, tare da masu bibiyar wannan fili. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan, yau nawa na kawo, kuma ina roƙon a sakaya sunana. Lokacin da abin ya faru ni saurayi ne ɗan Fagge, ban kai talatin ba, ina aiki a wani shagon buga takardu a Sabon Gari. Katin biki, takardar haya, aikin ɗalibai masu shirin gama makaranta, duk ni nake bugawa. Idan shago ya yi shiru kuma sai in buɗe wani shafi a kwamfutar ubangidana in hau rubuta nawa. Marubuci nake son zama, kuma ba na soyayya ba, na tafiye-tafiye, irin wanda zai je gari ya gani da idonsa ya dawo ya ba da labari. Ina da baki, ina da taurin kai, kuma na riga na yanke wa kaina hukunci cewa Kano ta yi mini kaɗan. Ubangidana wani Ibo ne haifaffen Sabon Gari, Hausa a bakinsa tar. Yakan leƙo ta bayana ya ce wai marubucin duniya a taimaka a gama katin mutane tukuna, amarya tana jira.

Sai na ɗan bayyana gidanmu kafin a gane kuskurena. Kakanninmu daga Borno suka zo, amma mu a Fagge muka buɗe ido. Babana fatoma ne, wato mai saukar baƙi 'yan kasuwa. Gidanmu yana da babban soro da ɗakunan baƙi a jere, kuma tun ina yaro nake ganin mutanen Nijar da Gana da Togo suna sauka da kayansu. Baƙo ba ya biyan kuɗin ɗaki, ba ya biyan na abinci. Baba ne yake nemo masa mai saye, a ba shi la'ada, da ita ake riƙe gidan. Bayan ciniki kuma akwai abin da ya fi shi ƙarfi: duk wanda ya kwana a gidanmu, gidansa ya zama namu, duk wanda ya saukar da ɗan gidanmu kuma, ƙofarmu ba ta rufuwa gare shi da iyalinsa. Da Baba ya rasu sana'ar ta bi shi, baƙi suka ɗauke ƙafa, ɗakunan suka zama na gizo-gizo da tsofaffin tabarmi. Aka bar Inna, mahaifiyata, da hawan jini da ciwon gwiwa, tana haɗa turaren wuta da humra tana sayar wa mata. Likita ya riga ya gaya mata ta rage tsayuwa a gaban murhu. Yayata tana aure a Rijiyar Lemo, ni ne kaɗai namijin da ya rage a gidan.

Wata rana wani dattijo daga Damagaram, tsohon baƙon Baba, ya shigo Kano ya biyo gaishe da Inna. Da zai tafi ya dafa kaina ya ce duk ranar da na taka ƙasarsu kada in kuskura in sauka wani wuri, gidansa gidan ubana ne. Ina raka shi bakin titi tunanin ya faɗo mini. Matsalata dama ita ce ba ni da abin biyan masauki da abinci a ƙasar waje, ga shi kuwa ubana ya mutu ya bar mini masaukai a kusan kowane zango na Afirka ta Yamma. Na ji kamar na tsinci abin da kowa ya taka ya wuce. Da na gaya wa Yaya, ba ta yi murna ba. Ta ce sunan Baba ba tikitin mota ba ne, ta ce lokacin da ake wannan zumunci akwai yaran gida, akwai la'ada, kuma Inna tana da ƙafafunta. Na ce mata ni zuwa zan yi, ba kawo kowa zan yi ba, kuma dama ita ba ta taɓa ɗaukar rubutuna a bakin komai ba. Inna kuwa ba ta hana ni ba. Ta ƙulla mini turare ƙulli-ƙulli ta ce in riƙa ba matan gidan da na sauka, ta ce in durƙusa in gaida manya, kuma kada in raina abincin kowa.

Gaskiya dabarar ta yi aiki fiye da yadda na zata. Idan na sauka a gari sai in nemi zango, wato unguwar Hausawa, in nemi liman ko wani dattijo, in faɗi sunan Baba da unguwarmu. Kafin in rufe baki an fara salati ana yi masa addu'a, wani ya tuna ranar da ya kwanta ciwo a soronmu, wani ya tuna biski, abincin Barebari da Inna take dafawa. Nan take za a share mini ɗaki, a kawo ruwa, a kawo kwano. In na yi wata ɗaya ko biyu na ce zan wuce, mai gida ne zai haɗa ni da direban motar albasa ko ta shanu, ya kuma kira wani amininsa a gari na gaba. Haka na bi Damagaram da Agadas da Yamai, na gangara Kwatano da Lome, ban taɓa kwana a otal ba. Da safe in zauna a zaure in rubuta abin da na gani a wayata, in saka a guruf ɗin da na buɗe, da niyyar daga baya in haɗa su littafi. Masu karatu suka fara taruwa, wasu suna ɗan biya, har wata jarida ta fara ɗaukar rubutun. Abin da aka fi so a ciki shi ne yadda nake yawo ba guzuri, ni ma sai na mayar da shi taken kaina. Har shawara nake ba matasa, wai talauci ba hujja ba ne, wai duniya a buɗe take ga mai wayo. Yanzu idan na tuna waɗannan kalamai kunya nake ji.

Ga inda na yi ɓarnar. Duk gidan da zan bari, bayan godiya, sai in faɗi abin da kowane Bahaushe yake faɗa wurin sallama, cewa in Allah ya kawo su Kano kada su sauka ko'ina, gida yana nan. Ni a wurina magana ce ta ladabi, kamar ka ce wa mutum bismilla kana cin abinci. To amma ban tsaya nan ba. Da yake layin wayata yana sauyawa a kowace ƙasa, idan aka nemi lambata sai in ba da ta Inna, in ce ita ce ba ta canzawa, har in yi kwatancen gidan don kada a manta. Mutanen nan kuwa tsofaffin hannu ne, 'yan zamanin Baba. Ɗan fatoma ya zo da kansa, ya kwana, ya ci, ya kawo tsarabar uwar gida, ya ba da lamba da kwatance. A wurinsu ma'anar wannan ɗaya ce, gidan Fagge ya sake buɗewa. Kuma Kano ba garin da ake rasa dalilin zuwansa ba ne: ga asibiti, ga makaranta, ga kasuwar atamfa.

Muna waya da Inna a kai a kai, kuma tun a lokacin akwai alamun da ya kamata in lura da su. Takan san abubuwan da ban gaya mata ba. Ta san na bar gemu, ta san zazzaɓi ya kwantar da ni a Yamai, har ta taɓa yi mini faɗa wai ta ji ina barin tuwo a kwano. Na ɗauka masu masaukina ne suke kiranta. Wani lokaci ina jin luguden turmi a bayanta da kukan yara da wani harshe da ba na unguwarmu ba, in na tambaya sai ta ce maƙwabta ne suka shigo. Idan na tambayi gwiwa ta ce da sauƙi, idan na tambayi magani ta ce tana sha. Ita tambayarta ɗaya ce kullum, ko na ci abinci. Ni kuma dama data nake tattali, sai in amsa a gurguje in koma kan rubutuna.

A Kumasi asiri ya tonu, bayan na haura shekara biyu a hanya. Gidan wani Alhaji mai sayar da goro nake, karo na biyu ke nan da na sauka a wurinsa. Matarsa ta dawo daga Kano, ta kai surukarta aikin ido, sai ta aiko a kira ni tsakar gida don ta yi mini godiya. Ina zaune da kwanon shinkafa a gabana ta fara zuba yabo. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mace irin mahaifiyata ba, Allah ya saka mata da aljanna. Ta ce sun tarar da gida cike maƙil: ga wani ɗalibi daga Agadas da ya yi watanni, ga mata daga Yamai sun zo haɗa kayan lefe, ga wani marar lafiya daga Lome da 'yan jinyarsa. Ta ce da Inna ta ga babu sauran ɗaki sai ta ba tsohuwar gadonta, ita ta koma ɗakin ajiya ta shimfiɗa tabarma a gefen buhuna. Ta ce ƙafafun baiwar Allah a kumbure suke, ba ta iya tsayuwa, a kan kujera 'yar tsugunne take jan jiki tsakanin tukwane, amma ko sau ɗaya abinci bai makara ba. Duk da fara'a take faɗa, tana jiran in ji daɗi. Kowane gari da ta ambata na san gidan da na kwana a cikinsa. Na yi mata godiya, na rufe kwanon na tashi.

Na kira Yaya, ita kuwa kamar jira take. Ta ce ashe na farka, sannu da barci. Ta ce tun ina Agadas baƙi suka fara zuwa, kuma ta so gaya mini, Inna ce ta haɗa ta da Allah kada ta buɗe baki. Ta ce sana'ar turare ta tsaya tuntuni, ba lokacin haɗawa, jarin ma ya shige tukunya. Ta ce mijinta ne yake biyawa Kasuwar Singa ya sauke musu shinkafa da mai, har ya fara gajiya, kuma Inna tana tsallake maganinta don cefane ya isa. Maganar da ta fi ƙona ni ita ce da ta ce ina can ina rubuta wa duniya cewa yawo nake kyauta, su kuma suna nan suna karantawa da ludayi a hannu. Maimakon in yi shiru sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce ai ba dole, me ya hana a ce musu babu wuri. Ta ce to in zo in kore su da bakina, tunda da shi na gayyato su, ta kashe wayar.

Na kira Inna ina huci. Ta yi dariya ta ce Yaya ce da son ƙara gishiri, baƙi kaɗan ne, kuma suna ma ɗebe mata kewa. Ta ce in kwantar da hankalina in gama littafina, kada in dawo da rabin aiki mutane su yi mini dariya. Na san ba gaskiya ta faɗa mini ba, na ji yadda take numfashi tsakanin kalmomi. Amma maganarta ta zo daidai da abin da raina yake so, sai na karɓa. Saura mini tafiya ɗaya, zuwa arewacin Gana, garuruwan da kakanninmu suke sayo goro, da ita nake son rufe littafin. Na ce wa kaina makonni kaɗan ba za su canza komai ba. Na daina ba da lambarta, na tura ɗan abin da ke hannuna, na ga kamar na yi wani abu. Duk abin da ya faru kafin Kumasi zan iya cewa rashin sani ne. Wannan kuwa da sanina na yi shi, kuma shi ne yake ci mini rai har yau.

Ina can arewa Yaya ta kira da rana tsaka. Ba ta yi faɗa ba a wannan karo, muryarta a sanyaye. Ta ce Inna ta faɗi a gaban murhu tana ƙoƙarin sauke tukunya, baƙin ne suka ɗauke ta zuwa asibiti, likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Na sayar da 'yar kyamarar da nake taƙama da ita, na biya kuɗin mota cikakke, abin da ban taɓa yi ba tun da na bar gida. Kwanaki na yi a hanya ina sauya mota, ban rubuta ko layi ɗaya ba. Da na sauka a tashar Sabon Gari an riga an sallamo ta. Abin da na fara gani a soronmu takalma ne, birjik, kamar ƙofar masallaci. Mutanen da ban sani ba suna gaishe ni da sunana, kowa da irin Hausarsa, suna yi mini jaje. Na wuce su ban amsa da kyau ba, don na shigo ne da niyyar kafin magariba ba wanda zai rage a gidan.

An mayar da ita ɗakinta. Hannunta na hagu yana ajiye a gefe kamar ba nata ba, bakinta ya karkace, magana tana fita da ƙyar. Na durƙusa na kama ɗaya hannun, na fashe da kuka. Da na natsu na gaya mata yau zan sallami kowa. Ta matse yatsuna, ta daɗe tana haɗa kalmomin, Yaya tana taya ni ganewa. Ta ce kada in kuskura. Ta ce ita ba ta da ƙafar kai mini abinci Agadas ko Kumasi, hanya ɗaya ce ta rage mata. Duk kwanon da ta zuba wa baƙo a Fagge, ni take zuba wa a can. Ta ce da ta mayar da mutum ɗaya daga ƙofa, labarin zai riga ni isa zango na gaba, in wayi gari ina kwana a tasha. Ta ce kuma kowane baƙo ya shigo, kafin ya ajiye jakarsa take tambayarsa ko ya gan ni, ko na rame, kuma wannan kaɗai ya ishe ta lada. Daga nan ta tambaye ni ko na ci wani abu a hanya.

Ban kori kowa ba. Limamin unguwarmu ne ya taya ni yi musu bayani cikin mutunci, kowa ya gama abin da ya kawo shi ya tafi. Kuma dole in yi musu adalci, babu wanda ya cuce mu a cikinsu. Matan Yamai ne suka karɓi girki tun ranar da ta faɗi, marar lafiyar Lome ma ya so barin gidan don kunya. Dattijon Damagaram ya zo dubiya da buhun gero, ya zaunar da ni a soro ya ce su wallahi sun ɗauka na farfaɗo da sana'ar Baba ne, akwai maza a gidan, akwai ciniki. Ya ce da sun san tsohuwa ce ita kaɗai, da ko ɗansa ba zai turo ba. Ya ce shi wannan zumunci ba a ɗaukar rabinsa, kuma ya yi mamakin ɗan fatoma bai san haka ba. Na sani sarai, a cikin gidan na tashi, kawai dai ban taɓa leƙa madafi na ga wanda yake dafa abincin da ake fito da shi soro ba.

Yanzu na koma shagon Sabon Gari. Ubangidana ya karɓe ni ba tare da dogon zance ba, har yau kuma bai sake kirana marubucin duniya ba, wannan ma wani ciwon ne. Inna tana takawa da sanda kaɗan-kaɗan, amma hannun bai dawo ba, turaren ma sai dai ta zauna tana gaya wa Yaya abin da za ta zuba. Baƙi suna zuwa jefi-jefi, ina saukar wanda zan iya, ni nake cefane, kuma na koyi ɗora tukunya. Littafin yana nan ban ƙarasa ba. Ban daina rubutu ba, sai dai duk lokacin da na buɗe shi na ga inda nake alfahari da yawo ba guzuri sai in rufe, domin na san wadda ta yi guzurin.

Abin da ya sa na rubuto shi ne har yanzu matasa suna turo mini saƙo suna tambayar yadda za su zaga ƙasashe a arha su yi rubutu kamar yadda na yi. Ban ce kada a yi tafiya ba, na ga abubuwan da ba zan gani a Fagge ba, kuma mutanen zango sun yi mini halacci. Amma duk wanda zai sauka a gidan mutane da sunan iyayensa, ya sani cewa za a zo gidansu da wannan sunan, kuma daidai ne a zo. Kafin ka ce wa mutum gida yana nan, ka tsaya ka tuna wa ka bari a gidan, da wace lafiya, da wane ƙarfi. Idan kuma ka kira mahaifiyarka ta ce maka lafiya lau, kada ka yarda don kawai yardar ta fi maka sauƙi, ka kira wanda zai gaya maka gaskiya, in ya gaya maka kuma ka kamo hanya a ranar. Ni makonni kaɗan na ƙara, kuma su ne ba zan iya mayarwa ba. Ina roƙon masu karatu su saka Inna a addu'a. Kullum da rana nakan baro shago in zo in ba ta abinci, kuma har yau, cokali yana hannuna ina kai mata baki, sai ta tsaya ta tambaye ni ko ni na ci.